Inda Dogo Mamman Yake Kwance

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Duk wanda ya leƙo shago, kafin ya ajiye yadinsa sai ya ce, "Isuhu, yaya Abuja? Da gaske ne titunansu ba rami?" Nakan ce da gaske ne, in ci gaba da taka keke. Har abokan hirata sun fara cewa na je birni na dawo da girman kai. Ba girman kai ba ne. Labarin ne ba ya faɗuwa a tsaye, ana awo ana ciniki. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran.

Ba kallon gine-gine na je ba. Mahaifina na je nema.

Sunansa Mamman, ana ce masa Dogo. Ina da shekara biyu ya bar mu a Maraɗi ya tafi cin rani, lokacin da ake gina Abuja ana ta neman leburori. Bayan girbi ya tafi, ya ce wa Inna zai dawo kafin ruwan shuka. Ruwa ya sauka, wasu suka dawo, shi bai dawo ba. Ba wasiƙa, ba saƙo. Inna ta jira shekara huɗu, sannan ta je gaban alƙali aka raba auren. Ta auri wani, ta haifi biyar, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Ni na tashi agola, yara suna ce mini ɗan wanda ya shiga duniya. A gidanmu ba a ambaton sunansa.

Bana, da damina ta kankama, wani tsoho mai suna Malam Haruna ya kawo mini ɗinki. Ya yi shekaru masu yawa a Najeriya, tsufa ne ya dawo da shi. Ina gwada masa kafaɗa ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Da na faɗa sai ya ce, "Allah ya jiƙan Dogo." Na ce wa ya ce masa ya mutu? Ya ce ai ya ɗauka mun sani. Shi ma bai gani da idonsa ba, daga baya ya ji a bakin wani kafinta Kirista mai suna Yohanna, kuma rabonsa da shi yana zaune a Masaka, kusa da Abuja, wajen masu katako.

Na gaya wa Inna. Tana tsinar wake ba ta ɗago ba. Ta ce, "Je ka. In ka same shi da rai, kada ka ce ina gaishe shi."

A kan iyaka, wajen Jibiya, na fara gamuwa da cikas. Matata ta taɓa wanke mini riga da katin shaidata a aljihu, hoton ya koɗe har ba a gane ko mutum ne. Aka zaunar da ni a benci, motarmu ta tafi ta bar ni. Sai bayan azahar babbansu ya zo, ya juya katin, ya dube ni, ya ce me zan je yi a Abuja.

Na ce, "Kabari zan je nema, ranka ya daɗe. Na ubana."

Ya daɗe yana kallona, ya miƙo mini katin. Ya ce, "Nawa ma a hanyar Makka ya rasu, har yau ban san inda yake ba. Wuce."

Na kwana a Kano, da safe na shiga motar Abuja. Har Kaduna ana hira, ana musu a kan siyasa, wata mata mai sayar da daddawa tana ta ba kowa haƙuri saboda warin kayanta. Muna barin Kaduna sai motar ta yi tsit. Direba ya kashe rediyo. Na tambayi na kusa da ni ko lafiya, ya ce a wannan dajin ba a tsayawa ko da fitsari ya matsi mutum. Bai daɗe da rufe baki ba tayarmu ta baya ta fashe. Ban taɓa ganin an canja taya da sauri haka ba. Maza goma a kan taya ɗaya, kowa hannunsa a ƙarfe, idonsa a daji. Mai daddawa tana tsaye a bakin titi tana salati ƙasa-ƙasa. Da muka tashi ba mu sake tsayawa ba sai da muka fara ganin gidaje.

Na sauka a unguwar Gudu wurin Sale mahauci, ɗan unguwarmu ne, ya fi shekara ashirin a can. Masaukinsa ɗakin kwano ne a bayan kasuwa, su shida a ciki, na zama na bakwai. In ana ruwa ba ka jin maganar na kusa da kai. Abin da ya fara ba ni mamaki a garin shi ne gaisuwa. Ranar farko duk wanda na haɗu da shi a hanya sai in yi masa sallama, sai in ga ya dafe aljihu ya ƙara sauri. Sale ya ce in daina, a nan wanda ya gaishe ka bai san ka ba, wani abu yake nema. Kowa kuma oga ne, har ni. Hausarsu tana da faɗi, kowace ƙabila tana yi, sai dai mace ma "ya zo" ake ce mata. Tawa Hausar kuwa dariya take ba su, ina buɗe baki sai su ce, "Ɗan Nijar ne." A tsaye suke cin abinci, doya da ƙwai, shinkafa mai yaji kamar da gayya. Kwana uku ban ga furar kirki ba.

Sale ya ce in fara da babbar maƙabartar da ke wajen unguwarsu, tunda suna da littattafai. Na je. Suna da su kuwa, a jere, tsaf. Ma'aikacin ya tambaye ni suna, na faɗa. Ya tambayi sunan uba, na faɗa. Ya tambayi shekara da wata, na ce ban sani ba. Ya ce, "Malam, Mamman da Muhammadu a littattafan nan sun fi gashin kanka." Akwai wani mutum a gefe, mai farar shadda da tabarau, Malam Bashir, ma'aikacin wata ma'aikatar gwamnati, ya zo ziyarar kabarin matarsa. Ya ji mu, ya sa baki. Ya zauna ya taya ni buɗe littafi biyu, yana magana rabi Hausa rabi Turanci, sannan ya rufe.

Ya ce, "Gaskiya da wuya a nan ne. A farkon aikin garin nan, in lebura ya rasu, ƙauyen da ya fi kusa ake kai shi. Ka nemi wanda ya ɗauki gawar, shi ne littafinka."

Muka fito tare, ya nuna mini kabarin matarsa. An kafa ɗan allon ƙarfe, da suna da lamba. Na ce masa mu a gida reshe muke sawa ko fasasshiyar tukunya, sauran kuma dattawa ne ke riƙewa a ka. Ya ce, "Garinku ne, kuna da dattawa. Nan duk baƙi ne. In ba ka rubuta ba, wa zai tuna?" Daga nesa na hango na Kiristoci, an shafe su da siminti, wasu har da hoto. Ni da na tashi ina jin cewa gina kabari ba kyau, kuma har yanzu haka na yarda, ranar na tsaya ina kallonsu da wani abu mai kama da hassada.

Washegari na nufi Masaka. A baki ba nisa, amma cunkoson motoci ya sa sai da rana ta take na isa. Masu katako sun san Yohanna, matsalar ita ce sun san guda uku. Aka kai ni wurin na farko, na tarar da mai walda wanda bai girme ni ba ma. Na biyu fasto ne, ya saurare ni har ƙarshe, ya ba ni ruwa, ya ce shi bai taɓa riƙe zarto ba. Ina shirin haƙura wani tsohon mai katako ya ce, "Ko Yohanna mai yatsa huɗu kake nufi? Ai ya mutu tuntuni. Amma matarsa tana nan, Mama Talatu, tana sayar da abinci a bayan coci."

Rumfarta gajera ce, sai da na sunkuya na shiga. Tsohuwa ce mai jiki, ta ɗaure gwiwa ɗaya da tsumma, tana zuba wa wani miya. Ta ɗago ta gan ni, ludayin ya tsaya a hannunta. Ban yi magana ba tukuna ta ce, "Kai ɗan Dogo Nijar ne."

Na ce ta yaya ta sani.

Ta ce, "Haka shi ma yana shiga ƙofa. Zauna, ɗana. Ka ci abinci tukuna."

Ta zubo mini gwaten acca, abincin garinsu ne a Filato, ban taɓa ci ba. Ta ga ina juya cokali, ta ce, "Ci. Naman shanu ne, a wurin Bahaushe na saya." Na ji kunya, na ci. Sai da na cinye ta sallami mutanen da ke rumfar, ta jawo kujera.

Ta ce lokacin tana amarya. Mijinta da mahaifina suna aiki a wurin wani ɗan kwangila a wajen Gwagwalada, ana haƙa dogon rami za a binne manyan bututai. Ita ke dafa wa leburori. Dogo ba shi da surutu, in ya ci sai ya wanke kwanonsa da kansa, abin da sauran ba sa yi. Ya gaya mata yana da yaro a gida wanda ya fara kiran sunan akuya. Ya kuma ce saura mako ɗaya ya tafi, don ya riski shuka.

Ruwan can yana riga namu sauka. Aka yi kwana biyu ana tafkawa, bangon ramin ya sha ruwa. Da safe aka ce su shiga, suka shiga. Ƙasa ta rufta a kan mutum biyu, Dogo da wani baƙo da ya fara aiki kwana uku kafin nan, wanda ba a ma gama sanin sunansa ba. Da hannu da shebur aka tone su. A wurin tonon ne shebur ɗin wani ya datse wa Yohanna yatsa, bai ma sani ba sai da aka fito da su. Duk biyun ba rai.

Mai kula da aikin ya ce a binne su da wuri a koma bakin aiki. Ba shi da sunayensu a rubuce, ƙidayar kai kawai yake yi da safe. Ta ce, "Mijina bai san yadda kuna yi wa gawa ba. Ya naɗe hannu da riga, ya je masallaci a cikin gari, ya kawo mutum huɗu. Sun ce ana bukatar farin yadi. Ni ina da zanin gado na aure, fari, sabo. Shi aka raba musu."

Na tambaye ta me ya sa ba a aiko mana ba. Ban so muryata ta fito da zafi ba, amma ta fito.

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Ya yi ƙoƙari. Ya je tasha sau da yawa, yana gaya wa direbobi, Dogo na Nijar ya mutu. Suna ce masa, wane Dogo, wane gari? Ɗana, mu a lokacin mun ɗauka Nijar gari ɗaya ne."

Daga baya aka yi rusau a inda suke zaune, suka koma Masaka. Da Yohanna ya mutu, 'ya'yansa suka ɗauki gawarsa har ƙauyensu. Ta ce haka al'adarsu take, duk nisa sai an kai mutum gida, shi ya sa zancen Dogo bai taɓa barin mijinta ba. Yakan ce sun ajiye ɗan mutane a daji kamar kaya.

Ban roƙe ta ba, ita ta ce za ta raka ni. Da safe ta rufe rumfa, muka ratsa Abuja daga wannan gefe zuwa wancan, mota uku, tana jan ƙafa. A nan ne na ga manyan gine-ginen da kuke tambayata, ta tagar mota. Iyakar abin da zan iya gaya muku a kansu ke nan.

Maƙabartar tana bayan garin Gwagwalada, kusa da wani rafi. Mai kula da ita wani tsoho ne, Baba Audu, ya gaji aikin daga mahaifinsa. Ya ce akwai littattafai, wani malamin makaranta ne ya riƙa rubuta musu a da. Ya fito da su daga wani akwatin ƙarfe, gara ta ci wasu har sun zama kamar rariya. Da Turanci aka rubuta. Ni Faransanci na ɗan taɓa da ajami, shi kuma Baba Audu idonsa ya tafi. Mama Talatu ce ta yi makarantar mishan, amma ta ce ba za ta shiga ba, ta san mata ba sa shiga tamu. Sai Baba Audu ya fito mata da benci bakin ƙofa, ya ɗora mata littattafan a cinya.

Ta san shekarar, don daminar da ta biyo baya ta haifi ɗanta na fari. Ta sa tabarau, ta riƙa bin layi da yatsa, shafi bayan shafi, wasu suna marmashewa a hannunta. Mun fi awa ɗaya a haka. Can sai yatsan ya tsaya. Ta karanta a hankali, tana juya mana da Hausa.

"Maza biyu. Leburori. Ba suna. Ƙasa ya rufta musu. Wanda ya kawo, Yohanna, kafinta."

Ta bar yatsanta a kan sunan mijinta, ba ta ɗauke ba. Na karɓi littafin na duba, ko da yake ba na iya karantawa. Layi ɗaya ne da rabi. Gefen da ya kamata a ce akwai lamba ko alama, gara ta cinye shi, in ma an taɓa rubutawa.

Baba Audu ya ce in cire takalmi in biyo shi. Muka ratsa sababbin kaburbura, muka shiga inda ciyawa ta kai ƙugu. Ya tsaya.

Ya ce, "Ɗana, mutane suna zuwa irin zuwanka. Wani lokaci nakan nuna musu tudu ɗaya in ce ga shi nan, su yi addu'a su tafi da sanyin zuciya, Allah ya yafe mini. Kai ka zo daga wata ƙasa, kuma matar can ta san gaskiya, ba zan yi maka haka ba. Mutanen wannan shekarar, daga ɗorawar can zuwa katanga aka sa su. Bayan nan an sake binne wasu a kansu, wuri ya yi kaɗan. Sannan akwai daminar da rafi ya ci gefen nan. Ƙasusuwan da muka samu muka tara, muka rufe a rami ɗaya. Ba zan ce maka yana cikin waɗanda ruwa ya taɓa ba. Ba zan kuma ce maka ba ya ciki ba."

Ya koma ya bar ni.

Filin bai fi tsawon layin shagunanmu ba. Na yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari, sai na rasa abin da zan ce bayan nan. Ban taɓa kiran kowa Baba da nufinsa ba. Na gwada, kalmar ta fito kamar aron baki. Sai na kama tafiya ta gefe-gefe, daga ɗorawa zuwa katanga, ina karanta Ƙulhuwallahu da ɗan ƙarfi, in na kai in juyo, don ko ta ina yake muryata ta wuce kusa da shi. Ban ƙirga sau nawa ba. A tsakiyar haka na tuna da ɗayan, baƙon kwana uku, wanda har yanzu a wani gari ana cewa ya gudu ya bar iyali. Na sa shi a addu'ar. Ban yi kuka ba. Ƙaya ce dai ta cika mini wando.

Da na fito na tarar Mama Talatu ta rufe ido, ta haɗa hannu, tana tata addu'ar. Baba Audu yana zaune a ɗaya gefen bencin, yana jira ta gama kafin ya karɓi littafinsa. A tashar Gwagwalada muka rabu. Na rasa da me zan gode mata, na durƙusa kamar yadda nake yi wa Inna. Ta dafa kaina ta ce in tashi, mutane suna kallo.

Dawowa ba abin da ya faru. Ko a kan iyaka ba wanda ya kula da katina.

Na iske Inna a tsakar gida da hantsi. Na zauna na faɗa mata duka, ban rage ba, har zancen rafi. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Wane lokaci ne?"

Na ce farkon daminarsu, a shekarar da ya tafi. A nan ruwa bai sauka ba tukuna.

Ta yi lissafi da yatsu a kan gwiwa. Ta ce, "Ashe ko latti bai yi ba." Can kuma ta ce, "Na tsaya gaban alƙali na ce mutum ne marar tsoron Allah. A gaban ƙannensa na faɗa."

Na ce ba ta sani ba, ba wanda ya sani. Ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito ta cire 'yan kunnenta da awarwaro, ta ɗaura wani tsohon zane. Ta ce wa ƙanwata ta gaya wa masu biki na makwabta ba za ta samu zuwa ba, ta shiga takaba.

Na je na tambayi limamin unguwarmu. Ya ce babu takaba a kanta, wannan lokaci ya wuce shekaru da yawa, in gaya mata ta huta. Na dawo na gaya mata. Ta ce, "Ni na aike ka wurinsa?"

Yau kwananta ashirin da uku ba ta taka ƙofar gida ba.